Kujerar da Aka Ajiye Mini a Ɓangaren Baƙi

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan Azahar

Yaron bai farka ba. Likita ya ce in daina faɗin haka, wai su ne suka sa shi barci da gangan don ƙwaƙwalwarsa ta huta. To. Ni dai ido na gani a rufe, da roba a baki, da inji yana yi masa numfashi.

Mutum biyu ake bari su shiga a lokaci guda. Zinatu da Mufeeda suna ciki, uwa da ƙanwa, ni kuma uban ina kan benci a waje. Ba wanda ya ce in zauna a waje. Ba kuma wanda ya ce in shigo.

Nuruddeen, abokin aikina a gidan rediyo, shi ya ce in riƙa rubutu tunda bakina ya mutu. Ni Lawal mai shirin wasanni, wanda ake biya don surutu. Allah mai iko.

Ƙyallen wuyana kore yana cikin aljihun kwat tun ranar Asabar. Ban fito da shi ba.

Talata, 8 ga Oktoba, da safe

Babu canji.

Talata, bayan La'asar

Kocinsu ya zo da 'yan wasa biyu, duk cikin jar rigar Dock Rangers. Ƙattin samari, sun tsaya a jikin bango kamar waɗanda aka kama da kazar maƙwabta. Kocin ya riƙe hannuna yana ta cewa Lawal jarumi ne, Lawal zai tashi, Lawal kaza Lawal kaza. Sai da na ɗan jima kafin na gane ba ni yake nufi ba. A nan sunan uba ake bugawa a bayan riga, don haka a filin ƙwallo da sunana suka san shi.

Ya ce bai gan ni a ɓangarensu ba ranar Asabar. Na ce haka ne. Zinatu ta tashi ta tafi banɗaki.

Shayin injin asibitin nan ruwan wanke kofi ne. Na sha, na ƙara.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da hantsi, a jirgin ƙasan Woolwich

Ba abin kallo a jirgi sai bayan gidajen mutane. Bari in rubuta yadda filin yake, ko zai fita daga idona.

Marsh Vale ƙungiyar unguwarmu ce a Plumstead. Ƙarama ce, ba irin ta talabijin ba. Fili a bayan layin dogo, rumfa ɗaya mai kujeru, sauran jama'a a tsaye. Kore suke sawa. Dock Rangers kuwa ta Dagenham ce, tsallaken kogi, masu ja. Ba sa ga-maciji da juna tun zamanin kakanninsu. Na taɓa tambayar Reg, tsohon Baturen da kujerarsa ke kusa da tawa, me ya haɗa su tun asali. Ya ce wani gola aka sace musu lokacin mahaifinsa yana saurayi. Na ce golan yana raye? Ya ce ya mutu tun ba a haife ni ba, amma ba a yafe ba.

A sauran wasanni ba a raba kowa, baƙi da masu gida layin shayi ɗaya suke bi. Ranar da 'yan Dock za su zo kuwa, sai a ware musu kusurwa guda can ta wajen layin dogo. Ƙofarsu daban, banɗakinsu daban, mai sayar musu da shayi ma daban. A ja shingen ƙarfe, a jera masu gadi da rigunansu ruwan ɗorawa. Wanda ya shigo ta ƙofar masu gida ba ya ƙetarawa, ko uwarsa ce a can. Wanda kuma aka kama yana murnar ƙwallon baƙi a cikin masu gida, sai a raka shi waje.

Tun yaron yana shekara shida nake sayen tikitin shekara, kujeru biyu a rumfa. 'Yan Marsh Vale su suka koya masa ƙwallo, su kuma suka sallame shi yana sha shida, wai ba shi da jiki. Dock suka ɗauke shi. Ni ban saki kujerata ba. Tasa kuwa, filas ɗin shayin Reg ne yake zama a kai.

Mun iso tasha.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

"Ya mai jiki?" "Da sauƙi." Haka na yi ta yi har bakin ƙofa. Liman ya sa shi a addu'a, ya faɗi cikakken sunansa a lasifika, jama'a suka ce amin.

Wani Alhaji mazaunin Dagenham ya tare ni wajen takalma. Ya ce, "Malam Lawal, ai an ce kana filin. Yaya abin ya faru ne?" Na ce ina nesa. Ya ce, "Nesa kamar yaya, filin da bai fi na makarantar firamare ba?"

Na sunkuya ina neman takalmana, alhali suna ƙafata.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe uku saura

Ƙarfe uku ake take wasa. Na tsinci kaina a bakin ƙofar flat da kwat a jikina. Na cire na rataye.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan Magariba

Babu canji. Sun ce babu canji ma labari ne mai kyau. Ni ɗan jarida ne, na san labari in na gan shi.

Jajiberin wasan muna cin tuwon semo da miyar kuɓewa, yaron ya ce, "Baba, I got three. Away end." Tikiti uku, ni da Ummansa da Mufeeda, a ɓangaren baƙi. Wasansa na farko ke nan da zai dawo filin da aka kore shi. Ya riga ya turo mini nawa a waya.

Na ce, "Ina da kujera."

Ya ce, "Okay." Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Shi ke nan abin da aka ce. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Okay.

Talata, 15 ga Oktoba, da rana

Na koma aiki, don zaman benci ba ya ƙara masa komai. Na karanta labaran wasanni na minti biyar. Sunan ɗan Brazil, sunan ɗan Senegal, sunan wani ɗan Koriya da ko uwarsa sai ta yi a hankali, duk na zuba su ba tuntuɓe. Da aka kashe jar fitilar da ke nuna ana watsa shiri Nuruddeen ya ce, "Wallahi kamar ba abin da ya same ka."

Abin da ya tsorata ni ke nan.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Babu canji. Zinatu ta ce in sayo madara da burodi. Maganar da ta yi mini jiya ke nan, yau ma ita ce.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan La'asar

Sun fara rage maganin barcin. Likita ta yau mace ce, ta tara mu ta ce daga yanzu mu riƙa yi masa magana, mu riƙa kiran sunansa, muryar da ya sani ta fi magani. Ta nuna allon da ke saman gadonsa inda aka rubuta sunan da baƙin alƙalami, kamar za mu manta.

Zinatu ta kira. Mufeeda ta kira. Da aka zo kaina na matsa kusa da kunnensa na ce, "Kai. Sannu. Kai yaro, sannu ka ji."

Mufeeda ta dube ni. Ban dube ta ba.

Ɗan fari ne. Ni ma ɗan fari ne, sunana ma ya faɗa. Malam mahaifina, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya a Kazaure bai taɓa kiran sunana ba. "Kai wancan." "Ina yaron nan?" Ranar da na zo na ɗaya a musabaƙa, da aka fara yabona tashi ya yi ya bar wurin. Da daddare ya turo mini kwanonsa da cinyar kaza a ciki bai ko dube ni ba. Na gane. Kowa a garinmu zai gane. Kunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce, so ne ya yi yawa ake rufe shi.

Ni kuma duk daren Juma'a nake goge wa yaron takalman ƙwallo in ajiye masa a bakin ƙofa. Ummansa yake yi wa godiya.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da yamma, a bas

Mufeeda ta zauna a kusa da ni, belun waya a kunne ɗaya. Shekararta sha biyar, ita ake kira ba kunya, Mufeeda, Mufeeda, safe da yamma. Tana jin Hausa sarai, amsa ce sai da Turanci.

Ta ce, "Baba, you say everyone's name on the radio."

Wai sunan kowa ina faɗa a rediyo. Na ce wannan aiki ne.

Ta ce yana ƙarami yakan kunna shirina a ɗaki, ba ya gane rabin abin da nake faɗa, sunaye kawai yake jira. Ta ce ya taɓa tambayarta ko ina iya faɗin nasa ne, ko yana da wahala.

Na ce, "Ke, mun kusa sauka." Ba mu kusa ba, ko Woolwich ba mu kai ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe uku

Ban sa kwat ba yau. Ci gaba ke nan.

Ya ci ƙwallo ranar. Ban rubuta wannan ba tukuna. Kafin hutun rabin lokaci ne, ya karɓa a gefe, ya wuce biyu, ya sa ta a lungun raga da hagu. Ya ruga kusurwar baƙi, jajayen suka haukace. Namu kuwa, mutanen da na yi shekara goma sha huɗu ina zama a cikinsu, suka miƙe suna zagin Lawal. Maci amana, kaza da kaza. Sunana ne a bakinsu, ta gabana ta bayana.

Na kalli takalmana. Reg ya miƙo hannu ta ƙasan bargon da yake rufe ƙafa ya matse mini gwiwa.

In an tambaye ni zan ce doka ce, wanda ya yi murna korarsa ake yi. Ko a tsakiyar jajayen nake, takalman zan kalla.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan Azahar

Ƙungiya ta aiko da jakar kayansa. Zinatu ta zazzage ta a kicin tana ware na wanki. Rigar ba ta ciki, an ce yanka ta aka yi da almakashi a motar asibiti.

Ba ta juyo ba ta ce, "Baban Mufeeda." Na ce na'am.

Ta ce, "Jakata na ɗora a kan kujerarka don kada wani ya zauna. Wani ƙato ya zo na ce da mai ita, yana hanya. Har aka dawo daga hutu ina duba ƙofa."

Na ce, "Kin dai san yadda aka rene mu."

Sai ta juyo. "Ni za ka gaya wa? Ni ce uwa, ni ya fi kamata in yi kunyarsa. Yana shekara uku ya ƙwace daga hannuna ya nufi titi, bas na tahowa. Ka ce in tsaya ina 'kai yaro'? Sunansa na ƙwala har mutane suka juyo, sannan ya tsaya. A bakin titin nan na Plumstead na ajiye kunyata, ban koma na ɗauko ba. Kai kuwa ka riƙe taka kamar fasfo."



Ta ce, "Baban Mufeeda, Baban Mufeeda, kamar 'ya ɗaya ka haifa. Kai ka ce in riƙa kiranka haka, ni kuma na biye maka."

Ta kunna injin wanki. Ya yi ta juyawa da safa da gajeren wando kawai a ciki.

Akwai abin da ban gaya mata ba, don ba zai yi daɗin ji ba. Tunda na sauka ƙasar nan baƙo nake. A ofishin ƙaramar hukuma baƙo, a jirgin ƙarƙashin ƙasa baƙo, a wurin likita sai an tambaye ni yadda ake furta sunana. Ƙofa ɗaya ce tak aka rubuta masu gida a samanta kuma aka bar ni na shiga, har mai duba tikiti yana tambayata ya iyali. Sai ga ɗan cikina ya ce in zagaya ta ƙofar baƙi. Raina bai so ba. Ga gaskiyar, ba ta fi haka girma ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, da safe

Babu canji.

Litinin, bayan La'asar

Akwai canji. Sun cire robar, yana numfashi da kansa. Zinatu ta yi sujada a kan simintin asibiti. Ni na tsaya ina jiran in ji wani abu a ƙirjina, shiru. Kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi

Ya buɗe ido. Ba ya kallon kowa, silin yake kallo. Likita ta ce buɗe ido daban, dawowa daban. Abin da suke jira shi ne a kira shi ya amsa, ko da da ƙifta ido ne. In ya amsa akwai hanya. In bai amsa ba, ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Akwai wata nas 'yar Ghana, Jamilatu, Hausar zango take yi, mace da namiji duk "ya" ne a bakinta. Ta same ni ni kaɗai a gefen gado ina ta "sannu, sannu". Ta ce, "Alhaji, wannan sannu naka ya isa cika buhu. Matar ka ya gaya mini. Kakana ma a Kumasi haka, bai kira na farin shi ba har ya mutu." Ta gyara masa matashi. "Amma kakana a Kumasi ya haihu, ba a London ba."

Na yi dariya. Ita ce ta farko tun ranar. Ba ta yi daɗi ba.

Da ta fita na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Harafin farko ya zo har maƙogwaro ya tsaya, kamar wanda aka ce ya tuɓe a kasuwa. Na ce, "Sannu."

Alhamis, 24 ga Oktoba

Silin.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan Magariba

Bari in rubuta sauran in huta.

Bayan an dawo daga hutu aka ba jajaye bugun kwana. Yaron ya yi tsalle, golanmu ya fito da gudu. Ba zan rubuta ƙarar ba. Golan ya tashi, shi bai tashi ba. A gaban kusurwar baƙi ne. Alƙalin wasa ya yi ta ɗaga hannu biyu yana kiran masu magani, fili ya yi tsit har ana jin jirgi yana wucewa.

Na gangaro da gudu, na zo shingen. Wani saurayi mai rigar ruwan ɗorawa ya tare ni, kuma aikinsa yake yi, ba ni da abin cewa a kansa. Ga mutum da koren ƙyalle a wuya yana son kutsawa cikin jajaye a lokacin da kowa ransa a ɓace. Na ce ɗana ne. Ya dubi ƙyallen. Na ce Lawal, ni ne Lawal. Ya ce kowa a filin nan ya san Lawal, a bayan riga yake. Ya ɗaga 'yar rediyonsa ya ce in gaya masa sunan yaron na farko, zai tambayi uwar a can.

Na ce, "Lamba bakwai."

Ya sake tambaya. Na ce, "Lamba bakwai ne, ɗana ne."

Reg ne ya iso a bayana yana haki da sandarsa, ya faɗi sunan da ƙarfi, da karyayyen harshensa na Bature. Kafin a tambaya, kafin a amsa, kafin a kwance sarƙar shingen, motar asibiti ta fita ta ƙofar baƙi da shi da Zinatu.

An tashi wasan. Ni da Mufeeda muka bi su a tasi. Ba ta san wannan ba, Zinatu ma ba ta sani ba. Reg kaɗai.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe biyar, har duhu ya yi

An mayar da agogo baya. An ƙara mana awa ɗaya ba mu roƙa ba.

Reg ya zo flat, karo na farko a duk shekarun nan. Ya cire takalmi ba a ce masa ba, safarsa ta huje a babban yatsa. Zinatu ta ba shi shayi da cincin. Ya ce za a sake buga wasan ran Talata da yamma, a filinmu, tsohon tikiti yana aiki. Ya ce golan bai taɓa ƙwallo ba tun ranar, kuka yake yi a wurin aiki. Ya ce waɗanda suka yi zagi sun aiko shi, amma ya manta abin da suka ce ya faɗa.

Yana ɗaura takalmi ya ce zai ajiye mini kujerata.

Na ce ina da kujera.

Ya ɗago ya dube ni, ya gyaɗa kai. Mufeeda da ke bakin ƙofar ɗakinta ta ce za ta raka ni.

Talata, 29 ga Oktoba, da rana

Silin. Zinatu ta karanta masa Yasin. Na yanke masa farce.

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan Asuba

Mun je jiya. Na wuce ƙofar da na saba, mai duba tikiti ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Muka zagaya ta wani siririn lungu a bayan layin dogo, duk kwatami da kwalabe, ban taɓa sanin akwai shi ba. Aka caje mu a ƙofa. Koren ƙyallen yana aljihuna, mai cajen ya taɓo shi ya dube ni, ya mayar ya ce in wuce.

Ɓangaren baƙi ba rufi. Kujeru layi uku ne kawai na roba, sauran tsayuwa. Iska daga kogi kai tsaye take zuwa. Mufeeda ta nuna mini inda jakar Ummanta ta zauna, na zauna. Wata mata mai jan gashi ta gane Mufeeda, ta raɗa wa na kusa da ita, maganar ta bi layi. Ba wanda ya dame ni. Wani ya miƙo mini shayi ta saman kafaɗa, ban ga fuskarsa ba.

Ga abin da ban sani ba. Daga rumfa, kusurwar baƙi nesa take, taron jajaye kawai kake gani. Daga kusurwar kuwa rumfar tana gabanka sosai, fitila a kanta, fuska ɗaya ɗaya. Na hango Reg. Na hango bargonsa, da filas ɗinsa a kan kujera ɗaya, da tawa ba kowa.

Na tambayi Mufeeda, da ya ci ƙwallon ya rugo nan, me ya yi. Ta ce ya dubi jakar. Na ce sannan? Ta mayar da ido kan fili. Na ce, "Ke nake tambaya." Ta ce sannan ya juya ya dubi rumfa. Ya ɗan jima yana duba, har abokansa suka ja shi.

Ashe ya gan ni ina kallon takalma.

A minti na bakwai alƙali ya bar ƙwallo ta fita, kowa ya miƙe, ja da kore, ana tafi. Jajayen suka ɗauki waƙarsu, La-wal, La-wal, sai ga rumfa ta karɓa. Reg ya ɗaga filas sama. Mutum wajen dubu suna kiran sunana, ni kuma ina tsaye hannuwa a aljihu, ɗaya a kan ƙyallen. Idona bai kawo ruwa ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne, shi kullum da sunana yake yawo a bayansa, a ruwa a sanyi, ana yabo ana zagi.

Ban san nawa aka tashi ba. An tsare mu a ciki sai da masu gida suka watse, haka ake yi wa baƙi.

Laraba, bayan La'asar, a kan benci



Na shiga da hantsi. Zinatu tana kan kujera tana jan carbi, ta yi kamar za ta tashi ta ba ni wuri, na ce ta zauna. Idonsa a silin. Na ja kujera kusa da kunnensa. Na san in na ce zan kira shi haka kawai, a maƙogwaro zai sake tsayawa. Murya ɗaya gare ni da ba ta jin kunyar kowa.

Na gyara zama kamar an kunna jar fitila. Na ce, "Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, daga filin Marsh Vale a Plumstead. Saura kaɗan a tafi hutu, ba ci ba ci." Zinatu ta daina jan carbi. Na ci gaba. Na ce ga jajaye sun karɓe ta a tsakiya, an buɗe ta gefen hagu. Na ce ga lamba bakwai ya tare da ƙirji, ya sauke. Muryata ta fara hawa da kanta, yadda take yi. Ya wuce ɗaya. Ya wuce na biyu, ya bar shi a zaune! Ya shigo da'ira, gola ya fito, zai buga, zai buga, Is'haq! Is'haq! Ta shiga! Is'haq Lawal ya zura ta a raga!

Jamilatu ta leƙo a guje, ta tsaya a bakin labule.

Ɗakin ya yi tsit sai injin da ke ƙirga bugun zuciya. Na ji kunya ta rufe ni tun daga ƙeya har ƙafa, kamar Malam yana tsaye a bayana. Ban mutu ba. Na sauke murya, tawa ta gida, na ce, "Is'haq."

Idon ya bar silin. A hankali, kamar ƙofa mai nauyi. Ya zo kaina ya tsaya.

Tun yana ƙarami Zinatu take fama da shi, in an kira ka ba "yeah" ake cewa ba. Bai taɓa ji ba. Ni kuwa ban taɓa sanin me zai ce mini ba, tunda ban taɓa kira ba.

Leɓensa ya motsa. Iska ce ta fi yawa a ciki.

"Na'am."

Likita ta zo daga baya ta ce kada mu yi saurin murna, hanya tana da tsawo, mai yiwuwa ma numfashi ne ya fita haka. Ta rubuta abin da za ta rubuta. Ni aikina ke nan, sauraron murya. Na ji abin da na ji.

Yanzu Zinatu ta leƙo ta ce, "Baban Is'haq, shigo, ya sake buɗe ido."